Abin da ƙwayar barci ke yi wa ƙwaƙwalwa, da martanin da ƙwaƙwalwa ke mayarwa

Duk wanda ya saba tsayawa a shagon magani a unguwar Aboabo ko Asawase da ke Kumasi, Ghana, bayan sallar isha'i ya san wannan magana: "Yaya, taimaka mini da na barci, ko guda biyu ne." Mai faɗinta wata rana direba ne da ya sauka daga Bolgatanga jiki duk ya yi tsami, wata rana Hajiya ce mai rumfa a kasuwar Kejetia wadda lissafin bashi ya hana ta runtsawa, wata rana ɗalibi ne da jarrabawa ta matso. Kowa cewa yake "na barci", sai ka ce abu guda ne. Alhali magungunan da ke sa mutum gyangyaɗi iri-iri ne, kowanne da inda yake taɓawa a ƙwaƙwalwa. Akwai wanda za ka sha ka bari, ba abin da zai same ka sai juye-juyen dare biyu. Akwai kuma wanda, in jiki ya saba da shi, barinsa farat ɗaya kan jefa mutum cikin jijjiga. Bambancin nan gaba ɗaya yana komawa ga wani ɗan abu da ido ba ya gani, wato makarɓi, wurin da sinadari ke sauka a jikin jijiya.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙananan jijiyoyi da ake kira niyuron, kimanin biliyan 86. Ba a manne suke da juna ba. Tsakanin wannan da waccan akwai 'yar tazara, kuma saƙo ba ya ƙetare ta sai jijiya ta farko ta fesa wani sinadari ya je ya sauka a kan ta biyu. Makarɓi ɗan curin furotin ne da ke dashe a fatar jijiyar, an ƙera siffarsa daidai da sinadarin da zai karɓa. Sinadaran suna da yawa, amma biyu ne suka ɗauki kaso mafi tsoka na aikin: gulutamet, mai zuga jijiya ta aika saƙo, da GABA, mai sa ta yi shiru. A 1950 ne Eugene Roberts da Sam Frankel suka ba da rahoton samun GABA a cikin ƙwaƙwalwa, kuma sai da shekaru suka shuɗe kafin masana su yarda cewa shi ne babban mai kwantar da ita. Farkawa da barci, natsuwa da firgita, har ma da farfaɗiya, duk sun rataya a kan yadda waɗannan biyun suka daidaita.

Makarɓin da ya fi shafar maganarmu sunansa GABA-A. Ginshiƙai biyar ne na furotin suka yi da'ira suka bar rami a tsakiya, galibi biyu alfa, biyu bita, ɗaya gama. Ramin a rufe yake zaune. Da zarar GABA ya sauka a gurbinsa sai ya buɗe na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuloraid, irin wanda ke cikin gishirin miya, ya kwarara cikin jijiyar. Shigarsa kan sauke ƙarfin lantarkin da ke ciki, jijiya ta yi nauyin tashi. In haka ta faru a miliyoyin wurare lokaci guda, mutum zai ji damuwa ta lafa, gaɓoɓi sun saki, ido ya fara lumshewa.

Mu ɗauka ramin nan ƙofar zaure ce, GABA kuma mai gida ne da makulli a hannu. Dayazifam, wanda aka fi sani da Valium, da 'yan'uwansa irin su Lexotan da Ativan, ba su da makulli. Suna da nasu gurbi dabam, a mahaɗar alfa da gama, kuma aikinsu bai wuce zuba wa ƙyauren mai ba: in mai gida ya zo, ƙofa ta buɗe da sauƙi, ta kuma yawaita buɗewa. In bai zo ba, tana nan a rufe komai yawan man da aka zuba. Tsofaffin magungunan da ake kira babiturat kuwa ba haka suke ba. In kaɗan ne, sukan riƙe ƙyauren ya daɗe a buɗe. In suka yi yawa, da kansu suke banke ƙofar, ba sa jiran mai gida.

Wannan ɗan bambanci ya raba rayuwa da mutuwa ga mutane masu ɗimbin yawa. Babiturat na farko da aka yi amfani da shi don barci ya shiga kasuwa a Jamus a 1904 da sunan Veronal, finobabiton ya biyo baya a 1912, kuma sun shafe rabin ƙarni su ne sarakunan maganin barci. Matsalarsu ita ce ba su da iyaka. Kana ƙara su suna ƙara danne ƙwaƙwalwa, har su kai ga cibiyar da ke kula da numfashi a gindinta. Abin da ya fi muni, in jiki ya saba, adadin da ake buƙata don barci yana ta hawa, amma adadin da ke kisa bai cika matsawa ba, tazarar da ke tsakaninsu kullum sai ƙara ƙuntata take. Ana cikin haka wani masanin haɗa magunguna, Leo Sternbach, da ke aiki a kamfanin Roche a New Jersey, ya haɗa wani sinadari a 1955 aka ajiye shi gefe ba a gwada ba. Sai a 1957, ana share ɗakin bincike, aka ci karo da shi aka tura gwaji. Sinadarin nan ne ya fito da sunan Librium a 1960, ɗan'uwansa Valium kuma ya biyo baya a 1963. Tunda waɗannan suna jiran GABA kafin su yi aiki, ƙarfinsu yana da inda yake tsayawa, shi ya sa da wuya su kashe babba mai lafiya in su kaɗai ya sha. A riƙe kalmar "su kaɗai", za mu dawo kanta. Likitoci suka rungume su hannu bibbiyu, har Valium ya zama maganin da aka fi rubutawa a Amurka tun daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1980. Abin mamaki, duk wannan an yi shi ne ba tare da an san takamaiman inda maganin ke sauka ba. Sai a 1977 aka gano gurbinsa a ƙwaƙwalwa.

Da aka zurfafa bincike sai aka ga ashe ginshiƙin alfa ma iri shida ne, kuma rabonsu a ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba. A 1999 masu bincike a Zurich suka sauya ƙwayar halittar ɓeraye yadda dayazifam ba zai iya kama alfa na ɗaya ba. Da aka ba su maganin, tsoro ya ragu amma ba su yi gyangyaɗi ba, kuma ba su yi mantuwa ba. Daga nan aka gane cewa alfa na ɗaya ne ke kawo kasala da mantuwa, na biyu kuma shi ya fi shafar rage fargaba. Dayazifam ba ya zaɓe, yana kama na ɗaya da na biyu da na uku da na biyar. Saboda haka wanda ya sha don ya yi barci, ya sayi sakin gaɓoɓi da mantuwa da jinkirin tunani a cikin farashi guda, ko yana so ko ba ya so. Mantuwar nan kuma iri ce ta musamman: abin da ya wuce kafin shan maganin yana nan daram, abin da ya faru bayan sha ne ƙwaƙwalwa ke kasa ajiyewa. A ɗakin tiyata wannan rahama ce. A hannun mugu kuwa makami ne, kuma shi ya sa azzalumai ke jefa irin su Rohypnol a cikin abin sha. 'Yan mata da iyayensu su san cewa wadda ta farka ba ta tuna abin da ya faru da ita ba, ba ƙarya take yi ba, aikin maganin ke nan, kuma asibiti ya kamata a nufa da ita nan take.

Zolfidem, wanda ya fito a Faransa a 1988, an yi shi ne ya fi karkata ga alfa na ɗaya, kuma yana fita daga jini da wuri. An yi ta tallarsa a matsayin mai tsabta fiye da Valium. Amma dai ƙofar nan ce yake taɓawa. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta rage adadin da ake ba mata daga miligiram 10 zuwa 5, saboda an ga da safe yana nan a jininsu har ya dagula tuƙi. A 2019 ta sa masa gargaɗi mafi tsanani, bayan rahotannin mutanen da suka tashi cikin barci suka yi tafiya, suka yi girki, wasu har suka tuƙa mota ba su sani ba.

Maganar daɗewa a jini ita ce direbobinmu suka fi buƙatar ji. Kafin rabin dayazifam ya bar jikin babba ana ɗaukar awa 20 zuwa 50, kuma hanta tana juya shi ya koma wani sinadari mai irin aikinsa, wanda shi kan kai awa 100. Wanda ya haɗiyi ƙwaya mai ruwan bula ta miligiram 10 da dare, ya kama hanyar Techiman zuwa Tamale da asuba, yana tuƙi ne da mafi yawan maganin a jikinsa. Zai rantse garau yake, domin maganin yana rage masa iya gane cewa ya yi sanyi. In kuma kullum yake sha, na yau yana tarar da na jiya da na shekaranjiya, su taru. Tsufa na ƙara tsawaita abin: mai shekara 20 kan kai kimanin awa 20, mai shekara 80 kuwa ya kusa 90. Idan Baba ya fara tangaɗi in ya tashi alwala da dare, ko Mma ta fara rikita sunayen jikoki, kafin a ce tsufa ne a buɗe jakar magungunansu a duba. Faɗuwa ɗaya a banɗaki kan karya ƙugu, kuma tsoho da yawa daga wannan kwanciyar ba ya sake miƙewa.

Sai tambayar da ta fi damuna: shin abin da ƙwayar ke kawowa barci ne irin wanda Allah ya ce ya sanya shi hutu gare mu? Barcin gaske aiki ne mai tsari. Ƙwaƙwalwa tana zagaye matakai, kowane zagaye kimanin minti 90, daga mara nauyi zuwa mai zurfi zuwa na mafarki, ta sake komawa. A mai zurfin nan ne jiki ke gyara kansa, abin da aka koya da rana kuma ya zauna. Idan aka sa wa mai shan dangin Valium na'urar auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, sai a ga barci mara nauyi ya ƙaru, mai zurfi ya ragu. Yana saurin yin barci, gaskiya ne, kuma ba ya yawan farkawa, amma wani ɓangare na jin daɗin da yake ba da labari da safe mantuwa ce: ya farka cikin dare, bai tuna ba. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce ya yi awa takwas amma kansa kamar an ɗora masa dutse.

Yanzu ga inda mutane ke faɗawa rami. Ƙwaƙwalwa ba ta zama a danne ta ta yi shiru. In ta ga kullum ana ƙara wa GABA ƙarfi, sai ta shiga gyara don ta koma daidai: ta janye wasu makarɓan daga fatar jijiya zuwa ciki, ta rage yadda sauran ke jin maganin, ta kuma ƙara wa ɓangaren gulutamet kaifi. Cikin 'yan makonni ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu. A wannan matakin mutum ba ya samun wani ƙarin barci, yana sha ne kawai don ya tsaya inda yake kafin ya fara. Ranar da aka cire maganin kwatsam, ɓangaren kwantarwa ya raunana, ɓangaren zuga kuma ya yi ƙarfi ba mai tare shi. Sai rashin barcin da ya fi na farko muni, faɗuwar gaba, karkarwar hannu, gumi, ƙaramar ƙara ta zama kamar tsawa, wasu su riƙa jin kamar kiyashi na bin fatarsu, wasu su ga abin da babu, wasu su faɗi suna jijjiga. Da dayazifam abin kan jinkirta kwanaki kafin ya bayyana, tunda a hankali yake fita, don haka iyali ba sa haɗa shi da barin maganin. A unguwanninmu irin wannan hali nan da nan ake ce masa iska ko sammu. Ba na hana kowa addu'a, ita ce makamin mumini. Amma a yi ta a kan hanyar asibiti, kuma a tambayi mara lafiya ko akwai ƙwayar da ya daina sha kwanan nan.

Ina roƙon mu daina kallon wanda ya kai wannan matsayi a matsayin ɗan ƙwaya mara tarbiyya. Da yawansu uwaye ne da aka rubuta wa maganin bayan rasuwar miji, ko dattawan da wani ya ce musu yana sauke hawan jini. Sun sha yadda aka ce su sha, makarɓansu suka sauya, kuma wannan sauyi ba ya tambayar imanin mutum ko ƙarfin zuciyarsa. Tun 1988 hukumar lafiyar magunguna ta Birtaniya ta ce kada a wuce mako 2 zuwa 4 ana shan irin waɗannan. Wanda ya riga ya wuce, hanyarsa ita ce ragewa sannu a hankali a hannun likita, sau da yawa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 bayan kowane mako biyu ko fiye, don makarɓan su samu lokacin dawowa. Abin kan ɗauki watanni. Farfesa Heather Ashton ta shafe shekara 12 tana gudanar da asibitin irin waɗannan mutane a Newcastle, kuma abin da ta nuna shi ne mafi yawansu suna rabuwa da maganin in ba a yi musu gaggawa ba. A nan Kumasi akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. In an je a faɗi gaskiyar adadin da ake sha, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda na fi ganin laifinsa shi ne mai shagon da ke ƙirga wa mutane waɗannan ƙwayoyi a 'yar leda ba takardar likita, alhali ya san lasisin sayar da ƙananan magunguna bai ba shi wannan dama ba.

Ba duk mai sa barci ne ke bi ta GABA ba. Akwai wani ɗan gungun jijiyoyi a can ƙasan ƙwaƙwalwa da ke fesa histamin don ya riƙe mu a farke. Piriton da Phenergan an yi su ne don mura da ƙaiƙayi, amma suna ratsawa cikin ƙwaƙwalwa su toshe makarɓin histamin, sai barci ya zo a matsayin rara. Haka sinadarin da ke cikin Apetamin, wanda 'yan mata ke sha don ƙiba, shi ya sa mai shansa ke wuni tana hamma. Jiki na saurin sabawa da wannan rukuni, cikin kwana uku zuwa huɗu barcin ya ragu ƙwarai, amma sauran illolin suna nan, domin suna kuma toshe makarɓin wani sinadari mai suna asitilkolin: bushewar baki, taurin bayan gida, riƙewar fitsari ga dattijo mai kumburin mafitsara, da ruɗewa. Amitiriftilin, maganin ciwon damuwa da wasu ke karɓa don barci, shi ma ta wannan hanya yake kwantarwa, kuma in ya yi yawa yana rikita bugun zuciya, don haka a nisanta shi daga hannun yara. Ga uwayenmu kuma: na san gajiyar goyo, na san daren da yaro ke kuka har asuba ga kasuwa na jira. Amma ɗura wa jariri Phenergan don ya yi shiru ganganci ne da ransa. An hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya tsayar masa da numfashi.

Sababbin magunguna sun bi wata dabara. A 1998 ƙungiyoyin bincike biyu suka gano oreksin, sinadarin da ke riƙe duk cibiyoyin farkawa a tsaye, kuma aka gane cewa masu cutar nan ta faɗawa barci kwatsam da rana tsaka sun rasa jijiyoyin da ke yin sa. Maganin farko da ke toshe makarɓinsa ya samu izini a Amurka a 2014. Irin waɗannan ba su cika rusa matakan barci ba, sai dai suna da tsada. Melatonin kuwa, wanda ake gani a manyan shagunan magani, ba mai danne ƙwaƙwalwa ba ne. Sanarwa ce da jiki ke fitarwa in duhu ya yi, cewa dare ya shiga. Yana taimakon wanda agogon jikinsa ya goce, kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiyar jirgi, amma bai cika yi wa mai tunanin bashi komai ba. Mu da rana ke faɗuwa mana wajen ƙarfe shida duk shekara, agogonmu a daidaice yake, hasken waya a fuska har ƙarfe ɗaya na dare ne ke ɓata shi.

Akwai kuma makarɓin da kakanninmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna taɓawa tun zamanin fataucin Gwanja. Muddin mutum na farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma taruwarsa ce muke ji a matsayin nauyin barci. Kafeyin da ke cikin goro, da ataya, da Nescafé, da lemunan ƙara kuzari, yana zama a gurbin adinosin ya hana shi sauka. Rabinsa kan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya fita. Wanda ya ci goro bayan la'asar, ya zauna majalisar ataya har zagaye na uku bayan isha'i, sannan ya nemi ƙwayar barci, yana toshe wani makarɓi da hannun dama yana danna wani da na hagu. Da safe ya tashi da nauyin kai, ya nemi abin da zai wartsake shi, haka abin zai yi ta juyawa. Mutane da yawa da ke ganin suna da ciwon rashin barci, da za su tsayar da kafeyin daga azahar na mako biyu, da sun ga canji.

Na ce za mu dawo kan "su kaɗai". Iyakar nan da ke kare mai shan dayazifam tana rushewa da zarar an haɗa shi da wani abu. Giya, ko ta kwalba ko akpeteshie, ita ma tana ƙarfafa GABA-A ta wani gurbin dabam, tana kuma danne gulutamet. Taramol da kodin kuwa ta makarɓin da ake kira miyu suke bi, kuma akwai shi a cibiyar numfashi. A ƙa'ida, in iskar da jiki ke fitarwa ta taru a jini, cibiyar nan takan ji ta tilasta jan numfashi, in ta kama ma ta tashe ka. Taramol da danginsa suna dakushe wannan ji, dayazifam kuma yana sassauta tsokar maƙogwaro ya hana farkawar da za ta cece ka. Mutum ya kwanta yana munshari mai ƙarfi, abokai su ce a bar shi ya huta, numfashin na raguwa har ya tsaya. A 2016 hukumar Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haɗa dangin taramol da dangin dayazifam. A nan Ghana, a 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin ta kuma tsaurara dokar taramol, wanda adadinsa da aka yarda da shi miligiram 50 da 100 ne, alhali na bayan fage kan kai 225 da 250. Ƙwayar da samari ke kira Red ta zo da haɗin a dunƙule: tafentadol, mai kama makarɓin miyu da ƙarfin da ya fi na taramol, da karisofurodol, mai sakin tsoka wanda hanta ke juyawa ya koma wani tsohon maganin kwantar da hankali da ke aiki a kan GABA-A, kuma tuni aka janye shi daga kasuwannin Tarayyar Turai. Bayan binciken da BBC ta fitar a Fabrairun 2025, wanda ya nuna ɓarnar ƙwayar a Tamale, Indiya ta hana haɗa ta da fitar da ita. Wanda ya haɗiye ta ya haɗiyi abubuwan nan biyu da likitoci ke gudun haɗawa, a ƙwaya guda.

Kada wannan ya sa a ɗauka magungunan nan ba su da amfani. Dayazifam ne ake ba yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sa shi jijjigar da ta ƙi tsayawa, da shi ake kwantar da mai ciwon tetanus, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Finobabiton har gobe yana riƙe da masu farfaɗiya da yawa a ƙasashenmu, kuma wanda ke shan sa saboda farfaɗiya kada ya kuskura ya bari don ya karanta wannan rubutu. Wanda aka yi wa rasuwa ya kwana uku bai runtsa ba, likita na iya ba shi na 'yan kwanaki, kuma daidai ne. Inda ba su dace ba shi ne rashin barcin da ya yi watanni. Nan sai an nemo tushe: ciwon damuwa, ciwon jiki, yawan fitsarin dare na mai ciwon sukari, ko toshewar numfashi cikin barci, wadda alamarta munshari mai yankewa ne, kuma ƙwayar barci ƙara ta'azzara ta take. Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce abin da za a fara da shi horon gyaran barci ne kafin ƙwaya: tashi a lokaci guda kullum, wanda sallar asuba ta riga ta ba mu, barin gado in barci ya ƙi zuwa har sai an ji shi, da taƙaita ƙailula kada ta zarce rabin awa.

In kuwa aka tarar da wanda ya sha wani abu ana girgiza shi ba ya amsawa, numfashinsa na ja da nisa, ko leɓɓansa sun sauya launi, kada a ɗura masa madara ko manja, domin zai shaƙe su cikin huhu, kuma kada a bar shi wai ya yi barci abin ya sake shi. A kwantar da shi ta gefe, a ɗaga haɓarsa, a kira 112 ko a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa, a kuma tafi da fakiti ko kwalbar duk abin da aka gani kusa da shi. Ma'aikatan asibiti suna buƙatar sanin makarɓin da aka taɓa. Allurar naloksan tana ture taramol da danginsa daga makarɓin miyu cikin mintuna, amma ba ta yin komai ga dayazifam ko giya. Shi dayazifam yana da tasa allurar, fulumazenil, sai dai ana taka-tsantsan da ita, domin ga wanda jikinsa ya saba da maganin, ko ya haɗa da taramol ko amitiriftilin, tana iya tayar da jijjiga. Ƙarfin naloksan kuma kan ƙare kafin ƙwayar ta bar jini, saboda haka ko mutum ya farfaɗo ya ce gida zai tafi, a bar shi a hannun ma'aikata har su sallame shi da kansu.